Ƙwallon Tsintsiya a Duluth

Mako uku a Duluth
ban ji sunana a bakin kowa ba,
sai malamin lissafi ranar kiran rajista,
shi ma ya karya shi biyu.
Ina cin abincin dare ina fuskantar taga,
tafki ya miƙe har inda ido ke gajiya,
jiragen dakon tama suna wucewa ba sallama.

Takarda ce a ƙofar ɗakin wanki,
an manna ta da cingam:
"Muna neman mutum ɗaya. Ba sai gwani ba.
Mai ƙafa biyu ya cika sharaɗi."
Layi shida a cike, na bakwai fili.
Na ari biro wurin wata mai jiran injin ya gama juya kayanta,
na rubuta Linnea, ƙanana, yadda zan iya musantawa.
Ta leƙo ta kafaɗata.
"Ni ce Pakou, ni na manna.
Talata, sha ɗaya na dare. Ki zo da safa biyu."

Sha ɗaya, don sai manyan 'yan wasa sun gama
ake bar wa irinmu ƙanƙarar.
Aka miƙo mini hular kwano mai warin zufar wani,
da sanda mai kan roba, wai ita ce tsintsiyar.
A gida ni ke share turken shanu arba'in kafin gari ya waye,
na ce a raina, ai wannan sana'ata ce.
Usur. Taku ɗaya, taku biyu,
sai ga rufin filin a gabana, fitilu suna kallona.

Wendell mai tsaron ragarmu, dogo kamar falwaya,
ya sulalo zai ɗaga ni,
santsi ya kwashe shi, ya zube kusa da ni.
Faɗuwa ta zo daidai da zama.
Muna nan muna dariya ƙwallo ta bi ta tsakaninmu,
ta shiga raga sannu sannu kamar mai jin kunya.

Bakwai da nema.
Mako na gaba biyar da ɗaya,
ɗayan ma su suka ci kansu.

Baba ya bugo daga gona. "Wa ya ci?"
"Ba mu ba."
"In kun ci me ake ba ku?"
"Riga."
Shiru, sai kukan saniya a bayansa.
"Kina dai cin abinci?"

Talata ta huɗu abokan karawarmu ba su zo ba,
jarrabawa ke jiransu da safe.
Alƙaliyar wasa, ɗaliba ce ita ma, ta duba agogo,
ta yi hamma, ta ce, kun yi nasara.
Tsuntsu daga sama gasasshe,
amma ba wanda ya cire hula.
Hodan ta buga sandarta a ƙasa:
"Ƙanƙarar nan tamu ce har sha biyu."
Muka rabu huɗu da uku,
alƙaliya ta rataye usur ta cike gurbin.
A daren na jefa ƙwallo ta tsakanin ƙafafun Wendell,
kuma babu littafin da aka rubuta ta.

Muka hau tudu iska daga tafki na yankar kunne,
Pakou ta rungumo sanduna bakwai,
ta ɗaure su da igiyar takalmi ɗaya don kar su zube.

Da safe gwiwata ta kumbura, ta yi baƙi.
Na ɗauki faranti ina ɗingishi, na nufi taga,
sai daga can ƙarshen zauren:
"Linnea!"
Cikakke, ba a karya shi ba.
Wendell ya turo kujera da ƙafa,
bakinsa cike da burodi.